Wandoo Mai Aurar da Lemu

Duk wanda ya saba sayen lemun zaƙi a kasuwar Lafia a shekarun baya, da wuya a ce bai taɓa ganin Wandoo ba, ko da bai riƙe sunanta ba. Gajeruwar mace ce kakkaura mai wushirya, 'yar ƙabilar Tibi. Daga wani ƙauye na yankin Keana take zuwa a bayan a-kori-kura, tana zaune ɗare-ɗare a kan buhunanta. Hausarta irin ta kasuwa ce, wani lokaci mace da namiji duk "shi" ne a bakinta, amma hakan bai taɓa sa an ƙware ta a ciniki ba. Lemunta kuwa ba ya buƙatar talla. Ɓawon ba kauri, ruwa cike kamar zai fashe, ga zaƙi. Kafin a gama sauke kaya masu sari sun raba shi a tsakaninsu.

A gidan ubanta, can ƙetaren Binuwai, ta koyi sana'ar. Tsohon mai aurar da itatuwa ne. Da hannunsa ya fara rawa, 'ya'yansa maza kuma duk sun tafi birni, sai ya miƙa mata wuƙar tun tana budurwa, ya zauna a gefe yana faɗa tana yi. Aikin ba wuyar bayani. A yanko ido ɗaya daga reshen lemu mai zaƙi, a tsaga ɓawon ƙaramin lemun tsami, a cusa idon a ciki, a naɗe da leda. In ya kama, sai a sare kan na tsamin, gindi ya zama na tsami mai jure wahala, sama kuma na zaƙi. Wuyar tana ga hannu. Wuƙa ta zarce kaɗan, ko yatsa ya taɓa cikin idon, to an yi asara.

Ranar da aka kai ta gidan mijinta Terhemba, cikin kayanta har da ƙunshin rassan lemun ubanta. Da su ta kafa gonar da ta riƙe su shekara ashirin da ɗoriya. Terhemba na noman doya da riɗi, mutum ne mai barkwanci, ba ya kama fartanya sai da waƙa. Ita kuma tana kula da lemu. Da amfanin gonar nan suka yi rufin kwano, suka yi wa 'yarsu tilo, Iveren, karatu, har suka aurar da ita a Makurɗi.

Sai rikici ya zo ya ci ƙauyen. Da hantsi abin ya faru, gab da ɗaukewar damina. Wandoo ba ta son ba da labarin ranar, kuma ba wanda yake matsa mata. Abin da aka sani shi ne sun fito da kayan jikinsu, Terhemba kuma ya baro gawar ƙanensa a bakin gona. Suka ƙare a wani ajin firamare a gefen Lafia, su da iyalai da yawa, kowa ya kewaye kusurwarsa da zane. Tun daga ranar Terhemba ya daina magana. In an ba shi abinci ya ci, in ba a ba shi ba ba zai tambaya ba. Yakan zauna ya jingina da bango ya zuba wa allo ido har yamma.

Ana nan sai wani da ya leƙa ƙauyen ya dawo da labari cewa an sassare gonar lemun, an kuma cinna mata wuta. Washegari da sassafe Wandoo ta roƙi wani ɗan acaba ɗan cocinsu ya kai ta. Ya kai ta har gadar ƙarshe, ya ce daga nan ko za a yanka shi ba zai wuce ba. Ta sauka ta taka da ƙafa.

Abin da ta tarar ya fi abin da aka faɗa. Kututtura ne baƙaƙe a jere, lemu ya dahu a ƙasa yana wari. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana dafawa kamar mai gaisuwar mutuwa. Can ƙarshen gona, a bakin wani kwari, ta ga itace ɗaya da gatari bai kai gare shi ba. Wuta ta ci rabinsa, ɗaya ɓarin kuwa kore shar. Da wuƙar da ta aro ta yanyanki rassa masu kyawun ido, ta cire ganyen, ta jiƙa ɗankwalinta a ruwan kwarin ta naɗe su. Ba ta ko leƙa gidanta ba. Ta juya da kai a buɗe.

Ta san rassan nan ba za su wuce 'yan kwanaki ba. In ba ta samu ƙananan lemun tsami ta ɗora su a kai ba, za su bushe, irin lemun ubanta kuma ya ƙare ke nan a duniya. Ta bi masu sayar da dashe a bakin titi, kowa ya ce sai ta saya, ita kuwa ba ta da ko na ruwan sha. Kullum da safe ta kwance ƙunshin ta duba, ta ƙara yayyafa ruwa, ta ga bakin rassan na ƙara yin duhu. Da ta rasa tudun dafawa, sai ta nufi rumfar Hajiya Barira.

Hajiya Barira babbar 'yar sarin kayan marmari ce a kasuwar, kakanninta daga Katsina suka zo. Mijinta ya rasu da daɗewa. Ta shekara da shekaru tana sayen lemun Wandoo, suna faɗa a kan ciniki suna shiryawa. Da ta hango ta, ta miƙe ta riƙo hannunta.

"Maman Iveren! Ashe kina raye? Wallahi na yi ta cigiyarku. Ina maigidan?"

"Yana nan, Hajiya. Jiki dai yana nan."

Aka ba ta ruwa ta sha, aka sayo mata shinkafa. Ba ta taɓa ba sai da ta kwance ɗankwalin a kan tabarma. Hajiya ta leƙa, ta ɗago ta dube ta.

"Ke kuwa lafiyarki? Ana maganar abin da za ku sa a ciki, ke kina yawo da ƙirare?"

"Ba ƙirare ba ne, Hajiya. Lemun nan ne da kike saya. Shi ke nan abin da ya rage. In ya mutu, ban san ko ni wace ce ba kuma."

Hajiya ta ɗauki wani reshe tana juya shi a hannunta. Can ta ce ubansu ya bar musu wani tsohon lambu a bayan Adogi, a bakin Rafin Malmo. Rabon da a kula da shi tun rasuwarsa. Akwai tsofaffin itatuwan lemun tsami a ciki, 'ya'yansu na zuba suna tsirowa ba mai cirewa.

"Ban san ko za su yi miki ba," in ji ta. "Amma akwai ɗan ɗaki na laka. In kin iya zama da macizai, ki je."

Ranar Hajiya ta bar rumfa a hannun maƙwabciyarta, suka shiga mota. Da Wandoo ta kutsa cikin ciyawar lambun ta ga 'ya'yan lemun tsami birjik a ƙarƙashin iyayensu, da yawa sun kai kaurin fensir, sai ta durƙusa a wurin ta rufe fuska. Ba ta jira komai ba. Ta yayyaga ledojin da ta tsinto, ta wasa wuƙa a dutse, ta fara. Rabin idanun sun riga sun mutu. Sauran ta ɗora su har hasken rana ya ƙare, washegari ta ƙarasa.

Ta je ta ɗauko Terhemba, ya biyo ta kamar rago. Hajiya na aiko musu da garin rogo da masara, Wandoo kuma ta share gefen rafi ta shuka alayyahu da kuɓewa, a kan in sun yi a raba. Maƙwabcinsu na lambu wani dattijo ne ɗan ƙabilar Gwandara, Malam Sani, mai noman tumatir da attarugu. Shi ya ara mata garma da bokitin ban ruwa, ya nuna mata inda ake saka ƙafa a gangaren rafin.

Bayan 'yan makonni ta kwance ledar farko. Idon na nan kore, ya manne da ɓawon kamar a nan aka halicce shi. Ta kwance ta biyu, ta uku. Waɗanda suka kama sun fi ɗari. Ta ruga ta jawo Terhemba ta nuna masa, ya duba, ya gyaɗa kai, ya koma ya zauna. Ita kuwa ranar har rawa ta taka ita kaɗai a tsakanin dashen.

Rafin Malmo ba babba ba ne. Daga gindin wani tudu yake ɓulɓulowa, a tsakiyar kurmi mai duhu, inda malmo da maɗaci da ƙirya suka haɗe kai har rana ba ta taɓa ƙasa. Daga nan yake gangarowa ya ratsa lambuna, kowa ya ɗiba ya bar wa na ƙasa. Da aka raba gadon ubansu, lambun ya faɗo wa Hajiya Barira, kurmin kuma ya faɗo wa ƙanenta Baballe. Shi Baballe a da atamfa yake sayarwa, kasuwa ta karye masa, ga iyali cike da gida. A shekarar kuma gas ya yi tsadar da kowa a gari ya koma gawayi. Bai daɗe yana tunani ba ya yanke shawarar sare kurmin ya yi gawayi.

Wata safiya Wandoo na ban ruwa sai ta ji kukan injin yankan itace daga sama. Jim kaɗan ƙasa ta girgiza, tsuntsaye suka tashi. Ta ɗago, sai ta ga Terhemba ya miƙe tsaye yana saurare. Bai ce mata komai ba ya bi bakin rafi ya haura. Da la'asar ya dawo, hannuwansa baƙi ƙirin, yana riƙe da ƙullin shinkafa da busasshen kifi. Ya ajiye a gabanta.

"Dafa mana," ya ce da yarensu. "Na samu aiki. Suna neman masu jera itace da rufe shi da ƙasa."

Wannan ce maganarsa ta farko tun barinsu gida. Wandoo ta dafa, suka ci, yana ba ta labarin abokan aikin, har da 'yar dariya. Ta rasa ko murna za ta yi ko kuka. Mijinta ya dawo mata, amma ta san daga inda shinkafar ta fito.

Damina ta riga ta ɗauke da wuri a shekarar. Kafin Kirsimeti rafin ya koma kamar zare. Bayan sabuwar shekara ya tsaya cak. Malam Sani ya tsaya a kan busasshen yashi yana tafa hannu, ya ce shi dai tun yana yaro bai taɓa ganin rafin nan ya yanke ba, ko a shekarun fari. Masu lambu suka haɗu suka tona rami a tsakiyar yashin. Ruwa na tsattsafowa a hankali, sai an jira kafin bokiti ya cika. Aka fara layi, aka fara faɗa. Wandoo baƙuwa ce, kowa ya ɗiba kafin ita, wani lokaci sai laka take kankarowa.

Ta bar alayyahun ya mutu, ta bar kuɓewar. Ta daina wanki, wanka ma sai ranar zuwa coci. Ruwan da ta wanke shinkafa da shi, da na wanke tukunya, duk gindin lemu suke tafiya. Ta yanko busasshiyar ciyawa ta lulluɓe gindin kowanne don kada rana ta shanye ɗan abin da ta zuba. Duk da haka ganyen sabbin tofon na naɗewa da tsakar rana. Ranar da ta gane ruwan ba zai ishe su duka ba, ta bi layi tana zaɓa. Wanda za ta bari ya mutu sai ta wuce shi da sauri, ba ta yarda ta kalle shi ba. Da ta kai ƙarshe ta ajiye bokiti ta zauna a ƙasa, ta juya musu baya.

Da yamman nan ta tare Terhemba tun kafin ya zauna.

"Baban Iveren, ka san ruwanmu kake sarewa?"

"Ni ba na sara. Jerawa nake yi."

"Duk ɗaya ne. Dubi rafin. Dubi lemun."

"Na gani." Ya zauna yana goge hannu da tsumma. "In na bari yau, gobe wani zai karɓi wurina, kurmin kuma ba zai tsira ba. Lemunki yaushe zai yi 'ya'ya? Shekara uku? Huɗu? Kafin nan me za mu ci? Garin Hajiya? Na kasa kare ƙanena, na kasa kare gidana. Yanzu kuma in zauna mace na ciyar da ni da sadakar wata mace?"

Ta san ba ƙarya ya yi ba. Ta ɗora tukunya.

Washegari ta shiga Lafia ta zayyana wa Hajiya komai. Hajiya ta yafa mayafi, suka tafi wurin da Baballe yake tara buhunan gawayi a bayan tasha. Ya taso da fara'a yana gaishe da yayarsa, da ya ga fuskarta sai fara'ar ta gushe.

"Baballe, kurmin Baba kake ƙonawa?"

"Yaya, rabona ne. Ni ban hana ki yin abin da kika ga dama da naki ba. Kin ba baƙi, ban ce komai ba."

"Ruwan fa? Shi ma rabonka ne? Mutum nawa ke ci daga rafin nan?"

"Ni mutum nawa ke ci daga jikina?" Ya juyo wajen Wandoo. "Madam, ki yi haƙuri, ba da gayya nake yi ba. Mijinki ma ai yana samu. Ku faɗa mini abin da zan kai gida in na bari."

Ba a rabu da daɗi ba. Malam Sani ya tara masu lambu aka kai maganar gaban dagaci. Dagacin ya saurari kowa, ya ce ƙasa dai ta Baballe ce, ba mai ƙwace masa, amma yana roƙonsa ya bar itatuwan da suka kewaye idon ruwan. Baballe ya ce ya riga ya yi alkawarin kaya, roƙo kuma ba ya cika buhu. Zaman ya kusa watsewa, sai Hajiya ta yi gyaran murya daga inda take zaune a bayan maza.

"Ranka ya daɗe, ina da fili a bakin titin Adogi, wanda na ce zan gina in huta a ciki. Ya ɗauka. Ya bar mini abin da ya rage na kurmin."

Baballe ya sunkuyar da kai ya ce ya yarda. A hanyar komawa Wandoo ta kasa haɗa ido da Hajiya.

"Hajiya, saboda ni kika rasa filinki."

"Ke tafi can. Saboda ke? A rafin nan na koyi wanki. Kuma ki daina yi mini wannan fuskar, ba na so."

Sai dai abin da ya rage na kurmin bai taka kara ya karya ba. 'Yan itatuwan malmo ne a bakin idon ruwan, sai fili fetal da kututtura. An daina sara, amma itacen da aka riga aka kayar ana ci gaba da ƙona shi a manyan tsibi da aka rufe da ƙasa, hayaƙi na tashi dare da rana.

Cikin zafin bazara, wata rana da azahar, iska ta taso mai ƙarfi. Gefen wani tsibi ya rufta, tartsatsi ya faɗa busasshiyar ciyawa. Wandoo na cikin ramin ruwa tana jiran bokiti ya cika sai ta ji ƙara kamar ana yayyaga zane. Kafin ta hauro, wutar ta biyo bakin rafi ta shigo lambun. Ciyawar da ta lulluɓe gindin lemun da ita, ita ce ta zama abincin wutar, tana tsalle daga wannan gindi zuwa wancan. Ta watsa ɗan ruwan bokitin, ko gezau. Ta kwance zanenta na sama tana dukan wutar tana ihu. Sai ga Terhemba a guje daga sama, shi da abokan aikinsa, Malam Sani da mutanensa kuma daga ƙasa. Terhemba bai tsaya neman reshe ba. Ya faɗa layin da ke kusa da ɗaki yana kwashe ciyawa mai ci da hannu yana watsarwa, yana take sauran da ƙafa, takalmin robarsa na narkewa.

Da wutar ta wuce, layin nan kaɗai ya tsira, bai kai itace ashirin ba. Sauran sun zama tsinke baƙi. Wandoo ta zauna daɓas a cikin toka. Hawaye ma ya ƙi zuwa. Aka ɗauki Terhemba a babur zuwa asibiti, tafin hannuwansa da ƙafafunsa duk sun saɓule. Baballe ya zo duba shi, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shiga, ya sayi magani ya bayar aka miƙa.

Iveren ta kira a wayar Malam Sani tana kuka. "Mama, ya isa haka. Ku taho Makurɗi. Ɗaki ɗaya ne amma za mu matsa. Kina so ki kashe kanki a kan itace?"

Wandoo ta ce to. Ta ma ɗaure 'yan kayansu. Tana jiran a sallamo Terhemba, sai Malam Sani ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakin, ya yi gaisuwa mai tsawo kafin ya shiga magana.

"Maman Iveren, mun zauna da 'yan lambu. Ba mu kyauta miki ba a wajen ruwa, kowa ta kansa yake yi. Yanzu mun raba, ke ma kina da lokacinki a ramin kamar kowa. Kwanakin da kike jinya kuma mu za mu shayar da lemun. Abin da muke roƙo, in ruwa ya sauka ki aura mana namu. Kowane gida a nan akwai lemun tsami da mangwaro na banza. Tumatir ya gama nuna mana iyakarsa bana."

"Malam, waɗannan ƙanana ne, ba za a yanki ido a jikinsu ba sai baɗi."

"To mu jira baɗin. Ki fara da mangwaro."

Ta dubi 'yan kayan da ta ɗaure, ta ce za ta yi tunani. Amma da aka sallamo Terhemba ba tasha suka nufa ba, lambun suka koma. Wasu daga masu alkawarin sun cika, wasu sau ɗaya suka kawo ruwa ba a sake ganinsu ba. Cikin waɗanda suka tsira daga wuta ma wasu sun bushe kafin damina.

Ruwan farko da ya sauka bai zo da sauƙi ba. Da babu kurmin da zai tare shi, sai ya kwararo daga tudun gaba ɗaya, ja wur da laka, ya yage gaɓar rafin, ya tafi da rabin lambun Malam Sani a yini guda. Bayan kwana kaɗan kuma rafin ya sake komawa zare. Wannan ne ya tsorata mutane fiye da duk maganar da aka yi a gaban dagaci. Wandoo ta bi kwata da bakin kasuwa tana tsintar ledojin fiya-wata, ta cika su da ƙasa, ta shuka 'ya'yan malmo da maɗaci. Maza suka saro gora suka kafa a gaɓar da ta zube. Ranar dashe aka haura tudun, mata da maza, masu zuwa masallaci da masu zuwa coci, aka dasa a tsakanin kututtura. Awaki sun ci da yawa, rani na gaba ya kashe wasu. Aka sake dasawa.

Hannun Terhemba ya warke amma yatsun sun ƙage, ba ya iya riƙe fartanya da kyau. Da masu gawayin suka tashi zuwa wani daji can wajen Awe, suka ce suna neman mai gadin tsibi, sai ya ce zai bi su. Wandoo ta dube shi, ta dubi hannuwan, ba ta hana shi ba. Yakan zo ƙarshen wata da ɗan abinci, ya zagaya lemun yana taɓa ganye da bayan hannu, ya kwana biyu ya koma. Ba sa maganar inda abincin ya fito.

Yanzu lemun ya kai kafaɗarta, bai fara 'ya'ya ba tukuna. Ta yanki ido a jikinsa ta aura a gidaje da dama na ƙauyen, har ana zuwa ɗaukarta daga Assakio. Idonta ne ya fara ba ta matsala, sai ta kai reshe kusa da hanci kafin ta ga inda za ta yanka, shi ya sa take koya wa matar Malam Sani da wasu mata biyu. Rafin har yanzu yana yankewa da rani, ana komawa rami.

A watannin baya hawan jini ya kayar da Hajiya Barira a rumfarta, ɓarin jikinta ya shanye. Ba a jima ba Wandoo ta ga wasu mutane sun zo lambun da mota, suna auna bakin rafi da igiya, suna maganar yashi da buga bulo. Ta tambaya, suka ce 'ya'yan Hajiya ne suka ce su zo su duba. Ta shirya ta tafi Lafia.

Ta tarar da Hajiya a kwance, ta rame, baki ya karkace. Ta zauna a bakin gado ta riƙe hannun da ke motsi. Ba ta yi niyyar faɗa ba, amma Hajiya ta karanta a fuskarta, ta matsa mata sai da ta faɗa. Hajiya ta sa aka kira babban ɗanta, Ameer. Maganarta na fita da ƙyar.

"Ba za a sayar ba... ina numfashi."

"Hajiya, ki kwantar da hankalinki," in ji shi. "Dubawa kawai aka yi. Maganinki ne ke da tsada, shi ya sa. Sai mun yi shawara tukuna."

Ya rako Wandoo har zaure, ya yi mata godiya da ladabi, amma bai ce mata komai game da lambun ba, ita ma ba ta iya tambaya ba. Ta fito titi ta tsaya. Ta yi tunanin ta koma ciki ta roƙe shi, ta yi tunanin ta nemi dagaci. Sai ta ga rana ta karkata, ga shi yau da la'asar ne lokacinta a ramin ruwa, in ta makara kuma wani ne zai shiga. Ta gyara ɗaurin zane, ta nufi tashar Adogi da sauri.